Basamude da Tambayoyi Goma Sha Biyu

Shekara ashirin da uku ke nan ina kwashe wa mutane kaya idan za su tashi daga wani gida zuwa wani. Abin da na mallaka tsohuwar mota ce mai buɗaɗɗen baya, da barguna takwas na naɗe madubi da talabijin, da igiyoyi, sai bayan nan nawa da ya fara yi mini gardama. A wannan aiki na ga ƙarƙashin gadon mutane da bayan kabad ɗinsu fiye da yadda su masu gidan suka gani. Shi ya sa idan mutum ya fara ba ni labarin kirkinsa, kunne ɗaya kawai nake ara masa. A coci ma haka nake. Ina zuwa, ina zama a bencina, amma ba a cika jin bakina ba.

Mu uku ne a motar. Ni ne direba. Akwai ƙanin matata, Rediyo, wanda ya haura arba'in amma har yau ba a gano inda ake kashe shi ba. Sai Basamude, wanda saboda shi na zauna nake wannan rubutu.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce, wata safiya, firji ya maƙale mana a kwanar matakalar wani bene. Mun yi gaba ya ƙi, mun yi baya ya ƙi, matar gidan tana tsaye a sama tana gaya mana abin da za ta yi mana idan ya kwarzane. Sai ga wani ƙato ya taso daga bakin titi inda yake zaune, da safen nan yana warin giya. Bai ce wa kowa sannu ba. Ya ture wanda ke ƙasa, ya sa kafaɗa, ya ce mu ɗaga hagu. Firji ya wuce kamar an shafa masa mai. Washegari kafin in fito na tarar da shi zaune a bayan motata. Ban ɗauke shi aiki ba, shi ya ɗauki kansa.

Wanda bai taɓa dako ba bai san wannan ba. A kan matakala nauyin kaya gangarawa yake yi. Mutum biyun da ke sama riƙewa kawai suke yi, suna tafiya da baya kamar makafi. Na ƙasa shi ke shan nauyin, kuma shi ke jin inda kaya ya karkata, don haka shi ke ba da umarni: ɗaga, taka, tsaya, juya. Duk 'yan dakon da na sani karɓa-karɓa suke yi da wannan wuri, don ba mai son sa. Mu tun da Basamude ya zo ba mu sake karɓa-karɓa ba. Kafin ka buɗe baki ya shige ƙasa. Kuma a nan kaɗai za ka ji muryarsa yadda take, tana cika bene har maƙwabta su leƙo. Da an sauke kaya, shi ke nan, daga i sai a'a.

Matarsa tela ce, 'yar mitsitsiya mai kaifin baki, Madam Tela muke ce mata. Ita ta fara shiga cocinmu. Shekara shida da suka wuce ya fara rako ta, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadi. Daga baya ya shigo benci na ƙarshe, ita kuma ta bar wurinta na gaba ta koma kusa da shi.

Ban taɓa jin ya tashi ya ba da shaida ba, ba zai iya ba. Abin da na gani da idona zan faɗa. Giya ta tafi, amma ba rana ɗaya ba. Sau biyu ya koma mata, sau biyu ya zo da kansa ya gaya mini kafin in ji a bakin wani. Wata rana ya kwarzane ƙasan teburin wani mutum, wurin da mai shi ba zai gani ba sai ranar da ya kwanta a ƙasa. Rediyo ya ce a rufe baki a wuce. Basamude ya je ya kamo hannun mutumin, ya durƙusar da shi ya nuna masa. Idan tsofaffi muka kwashe wa kaya, ba ya yarda mu tafi sai ya harhaɗa musu gado ya ɗora katifa, ko da wani aikin yana jiran mu, ko da ina ta danna ham a waje. Idan aka ja kabad aka ga abin da mai gida ya ɓoye, kwalabe ne ko wasiƙu ko hoton wata da ba matarsa ba, sai ya jefa bargo a kai kafin Rediyo ya gama ware ido, kuma maganar ba ta shiga mota. Rediyo ya ce aiki da shi ba daɗi, mutum ya wuni a gidajen jama'a ya koma gida ba labari ko ɗaya.

Ni ina da shekara goma sha shida aka yi mini baftisma. Ban taɓa haɗa wa wata tsohuwa gado ba sai da wannan mutum ya tilasta mini.

To ga inda matsalar take. A cocinmu sau ɗaya ake baftisma a shekara. Ana yin aji na wata uku, a ƙarshe mutum ya hau bene zuwa ofishin dattawa, ya zauna a gaban tebur, a yi masa tambayoyi goma sha biyu daga ɗan littafin ajin. Shugaban dattawan shi ne Baba Hedimasta, tsohon shugaban makaranta. Mutumin kirki ne, ba zan ɓata shi ba, duk wanda ya kwanta asibiti shi ke fara zuwa. Amma a wurinsa, abin da mutum bai faɗa da bakinsa ba bai san shi ba.

Sau uku Basamude yana hawa benen nan, sau uku yana saukowa bai furta kalma ɗaya ba. Madam Tela ce ta gaya mini dalili. Yana aji uku na firamare ya haɗu da wani malami da yakan tsayar da shi a gaban aji, ya jefa masa tambaya, kafin ya tattaro amsa bulala ta sauka. Daga nan ya bar makaranta. Tun lokacin, duk wanda ya riƙe littafi ya ce masa ga tambaya, sai bakinsa ya kulle, gumi ya karyo. Ko ita a cikin ɗakinsu ba ya iya amsa mata. Abin da take yi shi ne ta jingina littafin a jikin keken ɗinki, tana takawa tana karantawa da ƙarfi, shi yana zaune yana kallon bango. Ta ce shekara huɗu tana wannan karatu, ba ta san ko yana shiga ko ba ya shiga ba.

Duk ranar Jibin Ubangiji farantin gurasar da masu baftisma kaɗai ke ci yakan biyo benci-benci. Ya karɓa daga na hagunsa, ya miƙa wa matarsa, bai taɓa abin da ke ciki ba. Ni ina benci biyu gaba da su, kuma na daina waiwayowa.

Saura sati biyu a yi zama na huɗu, muna tsaye a cunkoson motoci, Rediyo ya sauka sayen ruwa. Basamude yana kallon gaba ya ce, "Direba, wannan ce ta ƙarshe. Idan na sake faɗuwa ba zan ƙara hawa benen nan ba."

Na ce to sai me.

"Sai in san ba a kira ni ba."

Da yamma Madam Tela ta zo gidana, ko zama ba ta yi ba. Ta ce ita ma haka ya gaya mata, kuma ta san mijinta. Idan ya ce ba a kira shi ba, ba benen kaɗai zai bari ba, har bencin zai bari, kuma daga bencin ba shi da wurin komawa sai bakin titin da muka tsince shi. Ta ce in yi wani abu. Na ce Madam, ni direba ne. Ta ce ai ta sani, ba fasto ta zo nema ba.

Ranar Laraba muna hawa da injin wanki bene na uku. Rediyo, da ba ya iya ganin mutum cikin damuwa ya ƙyale shi, ya maƙe murya irin ta Baba Hedimasta ya ce, "Ɗalibi, tambaya ta ɗaya. Wane ne Yesu Almasihu?" Na buɗe baki zan zage shi ke nan, sai muka ji murya ta taso daga ƙarƙashin injin.

"Ɗan Allah ne, ɗaga hagu, wanda ya zama mutum, taka, domin ya cece mu daga zunubi. Rediyo, saki igiyar kaɗan."

Saura ƙiris mu saki injin a kansa. Rediyo ya kalle ni, na kalle shi. Ya jefa ta biyu, amsa ta fito daidai da yadda take a littafi. A ta uku Rediyo ya ƙare, iyakar abin da ya rage masa ke nan, sai ni na karɓa, don har yau ina da su a ka. Ta huɗu, ta biyar, ta shida. Yana amsawa yana ba mu umarni, bai tsaya neman kalma ba ko sau ɗaya. Kafin mu kai ƙofar gidan goma sha biyu sun cika. Rabon da zuciyata ta buga haka tun ranar da aka haifa mini 'yar fari. Rediyo ya kama rawa a bakin ƙofar mutane har mai gidan ya fito da gudu, ya zaci mun fasa masa wani abu ne muke ƙoƙarin rufewa.

Da muka ajiye injin na sake yi masa ta ɗaya. Ya tsaya yana kallona, gumi ya fara tsattsafowa, ko uffan. Muka sauka muka ɗauko murhun gas, a mataki na uku na sake tambaya, amsa ta fito tsaf. Ranar sai da muka gwada shi da gado, da kujerar falo, da kabad ɗin tufafi. Duk sanda nauyi ke kafaɗarsa yana aikin da ya iya, bakinsa a buɗe yake. Shi kansa mamaki yake yi. Ya ce in kaya na kansa ba ya tuna cewa tambayarsa ake yi.

Daga wurin aiki ko wanka ban yi ba na wuce gidan Fasto. Fastonmu saurayi ne siriri, ga dariya. Ya yi ta tafa hannu yana cewa in sake ba shi labarin, amma a ƙarshe ya ce maganar a hannun dattawa take. Na tafi wurin Baba Hedimasta. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce baftisma ba wasan kasuwa ba ce, mai bi dole ya iya zama a natse ya furta bangaskiyarsa a gaban mutane. Ya ce idan aka yi wa wannan tambaya a kan matakala, baɗi wani zai zo ya ce shi sai a kan keke. Na ce Baba, shekara goma sha huɗu ina aiki da mutumin nan, ni da na ci tambayoyin ban kai rabinsa ba. Ya ce bai musa ba, amma ba aikin dako ake tambaya ba. Ni ban iya gardama ba. Na sa hulata na fito.

Akwai wani kabad na ƙarfe mai ƙofa biyu da wani ɗan coci ya bayar daga ofishinsa don ajiye takardun ikilisiya. Wata biyu Fasto yana roƙona in ɗauko shi in kai ofishin dattawa, ina cewa sai na sami sarari. To na sami sarari ranar Asabar ɗin tambayoyi, ƙarfe goma na safe. Da gangan na yi. Ban gaya wa kowa ba sai Rediyo, wanda bai taɓa riƙe sirri ba a rayuwarsa, amma wannan ya riƙe shi har kumatunsa suka kusa fashewa.

Matakalar ofishin taki ashirin da biyu ce, da kwana a tsakiya. Muka sauke kabad muka tsayar da shi a gindinta. Basamude ne na ƙarshe a layi, yana sanye da farar riga da Madam Tela ta goge har tana ɗaukar ido. Da aka kira shi ya hau kamar wanda za a yanke wa hukunci. Matarsa ta tsaya kusa da ni tana murza gefen zaninta. Minti goma sai ga shi yana saukowa, rigar ta manne masa a jiki. Ɗaya daga cikin dattawan, Mama Nas, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, ita ta roƙa a bar shi ya sha ruwa ya dawo. Bai nufi wurin ruwa ba. Ya ce wa matarsa su tafi gida.

Na ce, "Ka tafi, amma ka fara kama mana wannan. Ka san halin bayana."

Ya kalli kabad, ya kalli matakala. Ya cire rigar ya miƙa wa matarsa, ya rage daga shi sai singileti. Ni da Rediyo muka hau sama da igiya, ya sunkuya ya shige ƙasa.

A taki na huɗu Rediyo ya buɗe maƙogwaro iya ƙarfinsa ya jefa ta ɗaya. Shiru. Taki na biyar, shiru. Na ce a raina na wulaƙanta mutum a banza. A taki na shida amsa ta fashe, bene gaba ɗaya ya ɗauka. Ƙofofin kabad suna ta ƙara, Rediyo ya jefa ta biyu, ita ma ta samu amsa. Sai ƙofar ofis ta buɗe a bayanmu. Fasto ya fito, Mama Nas ta fito da littafi a hannu, sannan Baba Hedimasta.

Baba ya ce mene ne haka, a tsaya. Na ce masa ba a tsayar da kaya a matakala, ko ya hau sama ko ya sauka a kan mutum. Kafin ya ba ni amsa Mama Nas ta leƙo ta kan kafaɗata ta karanta ta uku. Basamude ya amsa, ya ce mu taka. Murna ta ɗebe ta, ta buɗe shafi da sauri ta karanta ta biyar.

"Kin tsallake ta huɗu," in ji Baba Hedimasta. "Idan za a yi abu a yi shi bisa tsari. Kawo littafin."

Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya yi ta huɗu da muryar nan tasa ta gaban aji. Wannan muryar ce kuwa ke kashe shi. Amma kabad ya tare tsakaninsu, ba ya ganin tebur, ba ya ganin biro, ƙarfe kawai yake gani da matakin da ke gabansa.

"Tuba ita ce mutum ya ƙi zunubinsa, tsaya, ga kwana, ya juyo wurin Allah da dukan zuciyarsa. Direba, kwantar da shi ta wajenka."

Fasto ya toshe bakinsa da hannu biyu yana tsalle a wuri ɗaya. Waɗanda suka gama nasu tambayoyin sun taru a ƙasa bayan Madam Tela, duk amsar da ta fito sai ka ji sun sauke numfashi tare. Ni kuma na rage sauri. Taki ɗaya, in tsaya, in yi kamar ina gyara igiya, don tambayoyi su ishe mu kafin matakala ta ƙare. Na san duk tsayawar da na yi a wuyansa take sauka. Na ga jijiyoyin hannunsa sun tashi. Ban ji daɗin haka ba, amma ban fasa ba.

Mun wuce kwanar da tambaya ta bakwai. Ta takwas, ta tara. Baba ya manta da cewa ya hana, yana karantawa yana gyaɗa kai, har ya fara cewa daidai bayan kowace amsa. A taki na goma sha bakwai, ana gama ta goma, na ja igiya sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙugu. Hannuna ya buɗe da kansa. Kabad ya zame, ya karkata dama, ya sauka gaba ɗaya a kan Basamude. Na ji mata sun yi kururuwa a ƙasa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, taki ɗaya ya ja da baya, sannan ya tsaya cak.

"Direba ya saki. Mama, janye shi. Fasto, kama igiya. Baba, sa hannu a mariƙin dama. Rediyo, kada ka kalle ni, kalli kayan."

Ba wanda ya tsaya tunanin wa ke ba wa wa umarni. Mama Nas ta kama ni ta wuyan riga ta ja ni sama kamar buhu. Fasto ya naɗe igiya a hannu. Baba Hedimasta ya yar da littafi, mutumin da ya haura saba'in, ya cafke mariƙin da hannu biyu ya ja. Ina kwance a ƙofar ofis ina ganin ƙafafunsu. Ɗaga, taka. Ɗaga, taka. Kuma a cikin wannan hali, yana nishi, haƙora a cije, tsohon nan ya jefa tambaya ta goma sha ɗaya daga ka. Basamude ya amsa ta a taki biyu na ƙarshe. Kabad ya shiga ofis, aka jingina shi da bango.

Wurin ya kacame. Madam Tela ta hauro da gudu tana kuka tana dariya tana dukan mijinta a ƙirji, wai saura kaɗan ya mai da ita gwauruwa a kan kabad. Rediyo ya rungume Fasto. Baba Hedimasta ya lallaɓa ya zauna a kujerarsa yana haki, ya sa aka ɗauko masa littafin, ya ce a yi shiru, saura ɗaya.

Ya ɗaga kai ya dubi Basamude ta saman tabarau. "Tambaya ta goma sha biyu. Me ake nufi da bin Almasihu?"

Basamude yana tsaye a gaban tebur, hannu wofi. Ya buɗe baki. Ba abin da ya fito. Rediyo ya suri kujeru uku ya ɗora masa a hannu, ya tsaya riƙe da su kamar gunki, bakin bai buɗe ba. Ashe kayan wasa ba sa yi masa, sai aiki na gaske. Rediyo ya ce to a sauke kabad ɗin a sake hawa da shi. Daga inda nake kwance na ce ya gwada ya gani. Fasto ya ce ai goma sha ɗaya cikin goma sha biyu a kowace makaranta an ci. Baba ya ce nan ba makaranta ba ce, kuma wannan ɗaya ita ce ake tara sauran dominta. Sau uku ya maimaita tambayar, a hankali, ba faɗa. Sannan ya rufe littafin.

Ya ce, "Ɗana, na ji abin da na ji da kunnena, kuma na yi murna. Amma ba zan sa hannu a kan abin da bai cika ba."

Basamude ya ajiye kujerun ɗaya bayan ɗaya a wurinsu. Ko rigarsa bai karɓa a hannun matarsa ba, ya fita.

Baba ya tashi zai sauka. Yana sa ƙafa a taki na farko gwiwarsa ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a zaune yana riƙe da ƙarfen gefe. Mama Nas ta taɓa gwiwar ta ce ya murɗe ta wurin jan kabad, kada ya kuskura ya taka, asibiti za a kai shi. Aka fara kallon-kallo. Ni ba na moruwa, Fasto iska ma tana iya ɗaukarsa, Rediyo kuwa baki ne kawai.

Basamude ya riga ya kai kwana. Ya ji abin da ake ciki, ya juyo, ya hauro. Ya tsaya taki biyu ƙasa da tsohon, ya juya masa baya, ya durƙusa. Baba ya ce a'a, zai lallaɓa da ƙarfe, bai kamata ba.

"Hau, Baba. Ba ka kai firji ba."

Mama Nas ta taimaka aka ɗora shi. Na jawo jiki na kama ƙarfen matakala ina leƙensu. Basamude yana sauka a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, ba ya girgiza shi ko kaɗan. Fuskarsa ba fushi a ciki, aiki kawai yake yi. Suna kaiwa kwana na ga tsohon ya sunkuyar da kai ya kai bakinsa kusa da kunnensa. Ban ji abin da ya ce ba. Amsar kuwa har masu wucewa a titi sun ji.

"Shi ne mutum ya bar son ransa, Baba riƙe wuyana da kyau, ya yi biyayya ga Ubangiji kowace rana, ya yi wa ɗan'uwansa hidima, ɗaga ƙafarka kada ta bugi bango, har ƙarshen ransa."

Suna isa ƙasa Baba ya ce kada a sauke shi tukuna. Ya ce Fasto ya kawo takardar sunaye da biro. A kan kafaɗar Basamude ya ɗora ta ya sa hannu, yana cewa kowa ya shaida, an yi tambaya goma sha biyu a gaban dattawa, an amsa goma sha biyu, ba a karya komai ba. Rediyo ya ce sai dai gwiwa ɗaya da baya ɗaya. Madam Tela ta zauna a ƙasa daɓas ta rufe fuska da farar rigar da ta goge.

Sati guda na yi a kwance. Ranar Lahadi ta biyu, ranar baftisma, na fito da sanda, don ko a kan gado ne sai an kawo ni. Kwamin baftisma na siminti yana bayan coci, jama'a sun kewaye shi. Basamude kuwa ba rigar baftismar da ta shige shi, sai da Madam Tela ta haɗa biyu ta mai da su ɗaya. Ya shiga ruwa, ya tsaya kusa da Fasto, ruwan da ya kai wa Fasto ƙirji shi a ƙugu ya tsaya masa.

Fasto ya ɗaga murya ya tambaye shi a gaban jama'a ko ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ko zai bi shi dukan kwanakinsa. Ba wanda ya tuna da wannan tambayar, har ni. Basamude ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi matarsa. Ya gyaɗa kai da ƙarfi har sau uku, idonsa ya cika da hawaye, amma murya ba ta fito ba. Fasto ya tsaya da hannu a sama, ya waiwayi dattawa.

Baba Hedimasta yana zaune a gaba, ƙafarsa a naɗe a kan wata kujera. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ya riga ya amsa, Fasto. A kunnena ya amsa. Nutsar da shi."

Sai da Rediyo ya faɗa cikin kwamin da takalmansa kafin su biyu suka iya ɗago shi, kuma ruwan da ya yi ambaliya ya jiƙa duk waɗanda ke layin gaba.